AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ke Sa Firgici Ya Shaƙe Murya, Ya Kuma Shiga Tsakanin Miji Da Mata?

TAMBAYA: Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi mutumin Kamarawa, cikin ƙaramar hukumar Isa ta Jihar Sakkwato, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce tun daren da 'yan bindiga suka faɗa wa garinsu, kowa ya yi ta kansa, aka kwana cikin gero, maiɗakinsa ba ta koma daidai ba. Da can mace ce mai faran-faran, mai waƙa in tana daka. Yanzu muryarta ta shige ciki, sai raɗa, wani lokaci ma ta buɗe baki maganar ta ƙi fitowa, ta riƙa shafa wuyanta kamar wani abu ya tokare. Abin da ya fi damunsa, in ya kusance ta irin ta miji da mata sai jikinta ya sandare, ko ta kama makyarkyata, ko ta fashe da kuka. Shi ma kansa, in ji shi, ƙarfinsa ba kamar da ba. Dangi sun rabu uku: masu cewa iska ce, masu cewa a kira wanzami, da masu cewa ƙiyayya ce kurum, ya sallame ta ya huta. Yana tambaya ko tsoro na iya yin wannan aiki duka, kuma mene ne magani.

AMSA: To Malam, muna yi maka jaje, kai da maiɗakinka da sauran mutanen Kamarawa. Allah Ya kiyaye gaba, Ya maido da zaman lafiya ƙasar Gobir. Ka kyauta da ka rubuto, domin irin wannan magana kunya kan sa a binne ta har aure ya mutu ba a san abin da ya kashe shi ba. Za mu amsa da sakayawa gwargwadon iko, tun da fili ne da yaro da babba ke ji, amma ba za mu sakaya har amsar ta ɓace ba.

I, tsoro na iya yin wannan aiki duka. Firgitar, da shaƙewar muryar, da sandarewar jikin, bisa ga yadda ka zayyana su, rassa ne na itace guda. Kada ka saki matarka a kan wannan, kada kuma ka bari aska ta taɓa ta. Bari mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

Da fari dai ka sani ba gidanka kaɗai ba ne. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a rana guda a Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. A Disamba 2021 an ƙone matafiya fiye da 20 cikin mota a kusa da Gidan Bawa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa Mayu 2020 mutum fiye da 60,000 ne suka tsallaka Nijar daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, akasari zuwa jihar Maraɗi. Ana ƙirga matattu da waɗanda suka gudu, amma ba a ƙirga wanda ya tsira da ransa barci ya ƙaurace masa. Wani lissafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a wuraren da ake tashin hankali, kusan mutum 1 cikin 5 na fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kamar baƙin ciki mai tsanani ko fargaba ko ciwon firgici. Watau in kun zauna ku 10 a rumfar kasuwar Isa, ba mamaki biyu cikinku na ɗauke da shi, kowa ya yi gum.

Totur da birki

Allah Ya yi wa jikin ɗan Adam wasu jijiyoyi masu aiki ba da umurninsa ba. Ba kai ke ce wa zuciyarka ta buga ba, ba kai ke ce wa hanjinka ya narka tuwo ba. Waɗannan jijiyoyi kashi biyu ne, kuma duk mai hawa babur zai gane su: ɗaya totur, ɗaya birki. Akwai wani ɗan gurbi can cikin ƙwaƙwalwa, likitoci na ce masa amigdala, mu sai mu kira shi mai gadi. Da ya ji ƙarar bindiga sai ya murɗa totur tun kafin mutum ya yi tunani. Nan take wasu 'yan kullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda su zuba wani sinadari, adiranalin, cikin jini. Zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, jini ya bar ciki da fata ya tafi cinyoyi da damatsa, don a gudu ko a yi kokawa. In gudun ba zai yiwu ba, kokawar ma haka, sai jiki ya ɗauki hanya ta uku, ya sandare, kamar ɗan tsako in shirwa ta gifta. Wannan duk rahama ce, da ita kuka tsira.

Inda matsalar take, bayan haɗari ya wuce ya kamata birki ya kama, jiki ya sauka. Ga yawancin mutane hakan ke faruwa cikin 'yan kwanaki ko makonni. Ga wasu kuwa sai totur ya maƙale. Mai gadi ya ƙi komawa ɗakinsa, ƙarar babur da dare ta tashe shi, haushin kare ya tashe shi, ko warin hayaƙi, ko taɓawar hannu cikin duhu, ko da hannun miji ne. In abin ya wuce wata guda, ga mugayen mafarkai, ga abin da ya faru yana dawowa ido biyu kamar yanzu ake yi, ga gudun duk abin da zai tuna da shi, ga zabura, shi ne likitoci ke kira ciwon firgici bayan masifa, wanda da Turanci ake taƙaita sunansa PTSD. A ƙasar Gobir kuma akwai ƙarin wahala, domin ba a ce haɗarin ya wuce ba. Wanda har yau yake kwana da takalmi a ƙafa, yaya za a ce mai gadinsa ya yi ƙarya?

Kai manomi ne, ka san wannan daga garke. Saniyar da aka razana ko aka doka takan riƙe nono, a yi ta tatsa ba ya zuwa, alhali hantsarta cike take. Ba rowa ta yi ba. Adiranalin ne ya tare wani sinadarin, oksitosin, wanda shi ke sakin nono. Haka mace mai shayarwa kan ga nononta ya ɗauke ranar tashin hankali. Shi wannan oksitosin yana cikin abin da jiki ke saki lokacin da miji da mata suka natsu da juna. Ka riƙe misalin saniyar nan, za mu bukace shi gaba.

Muryar

Murya na fitowa ne daga wasu 'yan tantani biyu cikin maƙogwaro, waɗanda iskar huhu ke kaɗawa kamar yadda ake kaɗa tsirkiyar gurmi. Ƙananan tsokoki ne ke ja da sassauta su, jijiyar da ke ba su umurni kuwa reshe ce ta wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi wuya, ta ratsa zuciya da huhu har ta kai tumbi da hanji. Sunanta da Latin ma'anarsa mai yawo, kuma ita ce babbar jijiyar birkin da muka faɗa. Saboda haka murya da bugun zuciya da numfashi 'yan gida ɗaya ne. Shi ya sa ko a waya kana jin sallamar ɗan'uwanka ka san ko lafiya ko ba lafiya ba. Mai tsoro tsokokin wuyansa da na muƙamuƙi kan ɗaure, numfashinsa ya tsaya a ƙirji, sai murya ta yi rawa, ko ta dushe, ko ta ɗauke ɗungum. Abin nan da take ji ya tokare mata wuya, tsoka ce ta ƙulle. Likitoci sun daɗe da saninsa, in aka leƙa ba a ganin komai.

Ga wata alama da kai kanka za ka iya lura da ita. In maiɗakinka ta yi tari ko gyaran murya, sauti na fita sosai? In yana fita, amma magana sai raɗa, to alama ce tantanin muryar lafiya lau suke, suna haɗuwa, umurnin magana ne ke sarƙewa a hanya. Likitocin maƙogwaro na amfani da wannan alama. Kada kuma wani ya ji haka ya ce ashe da gangan take yi. Tari da magana ba hanya guda suke bi cikin ƙwaƙwalwa ba.

Akwai kuma na biyu, wanda ya fi na maƙogwaro zurfi. A 1996 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 8 masu wannan ciwo a daidai lokacin da ake karanta musu labarin abin da ya same su. Sai aka ga wajen mai gadi ya ɗau aiki, amma wani gurbi a gefen hagu, wanda shi ke harhaɗa kalmomi su zama magana, aikinsa ya ragu. Gurbin ana kiransa da sunan wani likitan Faransa, Paul Broca, wanda ya bayyana aikinsa a 1861. Mutum 8 ba yawa ba ne, amma abin da hoton ya nuna kowa ya taɓa gani da idonsa: a tambayi wanda ya fito daga hannun 'yan bindiga me ya faru, ya buɗe baki ya rasa ta inda zai fara.

Kuma ba ciwon mata ba ne, ba na rago ba ne. A yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, an yi ta kwaso sojojin Ingila da Faransa da Jamus daga ramukan yaƙi ba rauni ko ɗaya a jikinsu, amma sun bebance, wasu na makyarkyata. An zarge su da ragwanci, an gana wa wasu azaba da lantarki wai don su yi magana. Sai a 1980, bayan abin da aka gani a jikin sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam, likitocin can suka sa ciwon cikin littafinsu da sunan da ake kiransa yau. Mu kuwa Musulmi ba baƙon abu ba ne a gare mu cewa baƙin ciki na sauka a jiki. Mun karanta cikin Suratu Yusuf yadda idanun Annabi Yakubu (AS) suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da ɗansa, mun kuma ga cikin Suratus Shu'ara yadda Annabi Musa (AS) ya haɗa ƙuncin ƙirji da nauyin harshe wuri guda lokacin da aka aike shi ga Fir'auna.

Maganar shimfiɗa

Nan ne mutane suka fi kuskure, don sun ɗauka sha'awa aikin totur ce. A'a, farkonta aikin birki ne. Kafin namiji ya sami ƙarfi, sai hanyoyin jinin gabansa sun saki jini ya cika su. Kafin mace ta sami ni'ima jikinta ya karɓi miji, ita ma sai jini ya sauka wurin, tsokoki sun sassauta. Jijiyoyin da ke yin wannan suna fitowa ne daga ƙasan gadon baya, kuma 'yan ɓangaren natsuwa ne. Adiranalin kuwa aikinsa matse waɗannan hanyoyin jini. Jikin da ke jiran 'yan bindiga ba zai buɗe kasuwa ba. Ka ga saniya da nononta ke nan.

Ban da haka, akwai wani faifan tsoka a ƙasan mara wanda ke riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura. Shi ma yana ƙullewa in an tsorata, kamar yadda ido ke ƙiftawa in an kawo masa tsinke, ba da shawarar mai idon ba. In ya ƙulle aka matsa, sai zafi. Zafin ya koya wa jiki tsoron gobe, gobe ya ƙara ƙullewa tun kafin a taɓa. Kowane dare da aka tilasta, an ƙara wa igiyar ƙulli ɗaya. Wannan ita ce sandarewar da kake gani. Ba ta ƙi ka ba, Malam. Mai yiwuwa ma abin ya fi ci mata rai fiye da kai, ga shi muryar da za ta gaya maka haka ta tafi.

To ina haɗin murya da daɗin aure? Wuri biyu. Na farko, halin da ke ɗaure wuya shi ne ke ɗaure mara, mai riƙe numfashi da cije haƙora da wuya ƙasansa ya saki. Na biyu ya fi muhimmanci: da murya ake cewa dakata, da ita ake cewa akwai zafi, da ita ake cewa to. Macen da ta san in ta ce a tsaya za a tsaya, mai gadinta na iya kwanciya. Wadda ta ga maganarta ba ta tsayar da komai ba a daren da aka zo da bindiga, jikinta ya koyi cewa magana banza ce, sai ya tsare kansa da ƙullewa. Iyakar abin da ilmi ya tabbatar ke nan. Abin da wasu masu tallar magani ke yaɗawa a wayoyi, wai akwai wata jijiya guda da ta ɗaure maƙogwaro da mahaifa, in an sha kaza ko an yi ihu kaza sai ta kwance, wannan cinikinsu suke yi.

Kai ma da ka ce ƙarfinka ya ragu, kada ka wuce kanka. Kai ma ka kwana cikin geron nan. Ga tunanin gonar da ba a noma ba, ga kuɗin da aka ɗora wa gari, ga zaman gidan wani. Namiji in abin ya ƙi sau ɗaya, sai ya shigo na biyu da fargaba, fargabar kuwa adiranalin ce, sai ya sake ƙi, daga nan a ce an ɗaure shi. Wani kuma gaggawa ce ke kama shi. Ga abin dubawa: in kana tashi da asuba da ƙarfinka kamar da, to hanyoyin jini da jijiyoyi na aiki, damuwa ce ke shiga tsakani. In ko da asuba babu, je a auna maka sukari da hawan jini, don su biyun manyan masu kashe ƙarfin namiji ne. Ka nisanci taramol, yana ruɗin mutum da farko ya kashe sha'awa daga baya. Kwalaben maganin maza na tasha kuma, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu, an sami waɗanda aka cusa wa maganin bature ba awo, mai ciwon zuciya na iya sha ya faɗi.

Aska, iska da saki

Masu cewa a kira wanzami, mun san abin da suke nufi: a cire beli saboda wuya, a yi yankan gishiri saboda wai hanya ta toshe. Dubi ikon Allah, wurare biyun da tsoro ya ɗaure su ne za a kai wa aska. Beli ba shi ke yin murya ba, cire shi ga babba na jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta. Yankan gishiri kuwa ya fi muni. Wani bincike da aka buga a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya nuna kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu. Ba abin da ya toshe a jikin maiɗakinka da za a yanke. Tsoka ce ta ƙulle don tsoro, a zo mata da aska kuma, me ake tsammani?

Masu cewa iska ce, ba za mu yi jayayya da kowa kan gaibu ba. Ƙasar Gobir ta daɗe da saba fassara irin wannan da iskoki, tun zamanin da Inna ke shugabantar 'yan bori a fada. Addu'a da karatun Alƙur'ani alheri ne, suna kwantar da zuciya, a yi su. Abin da muke hanawa shi ne duka, da ɗaurewa, da turnuƙa hayaƙi, da taruwa a kanta ana daka tsawa wai aljani ya fita. Wadda maza suka firgita da tsawa cikin dare, in aka sake taruwa a kanta da tsawa, an maimaita mata daren ne. Ka kuma lura, wannan iska ta san ranar zuwanta: daren da aka shigo Kamarawa.

Masu cewa ƙiyayya ce, ka tambayi malamin da ka amince da shi. Malaman fiƙihu sun san uzurin rashin lafiya, ba su haɗa mara lafiya da mai ƙin miji.

Akwai wata magana mai nauyi da ba ka yi ba, mu ma ba mu ce ta faru ba. A hare-haren nan ana keta haddin mata, da yawansu kuma ba su taɓa gaya wa kowa ba don tsoron saki da bakin duniya. Ganin kisa kaɗai ya isa ya jawo duk abin da ka lissafa, saboda haka kada ka ɗora zargi, kada ka titsiye ta da tambaya. Amma ka shirya zuciyarka tun yanzu. In wata rana ta buɗe baki ta faɗi wani abu, abin da fuskarka ta nuna a wannan lokaci shi zai yanke ko za ta warke ko za ta koma shiru har abada. Wadda aka fi ƙarfi ba ta da laifi wurin Allah, sandarewa ko rashin ihu kuma ba yarda ba ce, ɗan tsakon nan ne da shirwa. Ga sauran masu sauraro kuma, duk wadda wannan ya sama a gaggauta kai ta asibiti: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki cikin kwana 5. A 2020 an buɗe Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato musamman don irin wannan.

Abin yi

A fara da muryar, amma ba da labarin daren ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta yarda a zaunar da wanda masifa ta sama a matsa masa ya zayyana komai ba. Abin da ake so, sauti ya riƙa fita cikin aminci. Fitar da numfashi a hankali, ya fi shaƙarsa tsawo, yana taka birkin nan, zuciya ta rage gudu. Ku zauna bayan sallar isha, ku ja numfashi ta hanci, ku sake shi sannu da ɗan gunji baki rufe, har ku ji leɓe na kaɗawa. Daga nan salati da zikiri a bayyane, da gajerun surori da ja. Tun da tari na fita, masu gyaran murya kan fara daga tari ko gunji su ja shi ya zama wasali, wasali ya zama kalma, wani lokaci muryar kan dawo cikin zama kaɗan. Kada a yi mata dariya, kada kuma a yi shewa ranar da ta fito.

Iyayenmu mata sun san wani abu a nan. Waƙar daka da ta niƙa ba don nishaɗi kaɗai ake yinsu ba, nan mace ke amayar da abin da ba ta iya faɗa wa miji ko kishiya ido da ido, ga numfashi na tafiya da tabarya. Gudun hijira ya raba mata da turminsu da maƙwabtansu, ya jefa su gidajen da ba sa sakewa. In akwai wata 'yar'uwa ko ƙawa ko gwaggo da maiɗakinka ta yarda da ita, ka buɗe mata hanyar zuwa, ko kuɗin mota ne ka biya. Akwai abin da ba za ta faɗa maka ba sai ta fara faɗa wa mace. Kada a raina wannan. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, binciken da aka buga a 2016 kuma ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu da muka gaji 'yan taru na Nana Asma'u, inda jaji ke tara matan ƙauye tana karantar da su, ba sai an koya mana amfanin zaman mata da babbarsu ba.

Game da shimfiɗa, ga shawarar da likitocin wannan fanni ke bayarwa tun 1970, lokacin da wasu masana biyu a Amurka, Masters da Johnson, suka bayyana ta. Ku ajiye saduwa gefe ɗaya tukuna, da yardar ku biyu, kuma ka furta mata da bakinka cewa ka ajiye, ba fushi ba ne, ba kuma shirin ƙaro aure ba ne. Makonnin farko hira ce da zama kusa, da riƙe hannu, da tausa kafaɗa ko ƙafa, a tsaya nan ko da an ji sha'awar wucewa. Kada ka zo mata ta baya, kada ka taɓa ta tana barci, yi sallama, kira sunanta, bar fitila in duhu ke tayar mata. Ku yi alama tsakaninku, tun da murya ba ta fita, ko matsa hannu sau biyu, wadda in ta yi ka tsaya nan take ba tambaya ba ɓata rai. Ranar da ta gwada ta ga ka tsaya, ranar magani ya fara. Ita za ta ce a ƙara gaba, ba kai ba. Wasu wata guda, wasu watanni, kuma akan ci gaba a koma baya, musamman in an ji labarin sabon hari. Wannan tsari kai ma zai yi maka, don ya ɗauke maka jarrabawar kowane dare.

Sai asibiti. Muryar da ta dushe fiye da mako 3 ko 4 tana bukatar likita ya leƙa, domin tarin fuka da maƙoƙo da tsiro a maƙogwaro su ma suna dusar da murya, balle in akwai rama, ko tari da jini, ko wuyar haɗiya. Zafin saduwa kuma in da ƙaiƙayi ko ruwa mai wari ko ciwon mara, sanyi ne da ke bukatar magani, ku biyu tare. Ku fara da babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, ta nemi ganin ma'aikaciya mace. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana aiki a babban asibitin Shinkafi, maƙwabtanku, har da sauraron masu irin wannan damuwa, sai ku bincika. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Zuwa Kware ba ya nufin hauka, masu rashin barci da fargaba na zuwa su koma gida ranar. In an ba ta ƙwayoyin rage damuwa, ku sani sukan ɗauki makonni kafin su kama, wasunsu kuma kan rage sha'awa, in kun ga haka ku gaya wa likita ya sauya, kada ku yanke sha da kanku.

Abu guda ne ba ya jiran ranar kasuwa. In ta daina ci da sha, ko ta daina kula da yaranta, ko ta nuna da baki ko da hannu cewa gara mutuwa, to a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga ɗaki, kada a bar ta ita kaɗai, a nemi mota a ranar.

Wasiƙun da suka zo mana daga Gatawa da Gidan Rumji kan yaran da suka koma fitsarin kwance bayan hari, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.